Gefen Kujera ko Teburin Gaba: Wanne Zai Fi Maka a Asibitin Haƙori?

Duk asibitin haƙorin da ka ga yana tafiya lami lafiya, akwai mutum biyu da ke riƙe da shi bayan likita. Ɗaya na zaune a gefen kujerar da ake kwantar da majinyaci, da safar hannu da takunkumi, yana miƙa kayan aiki yana zuƙe ruwa daga baki. Ɗayan na teburin gaba, shi ke amsa waya, shi ke tsara wanda zai shiga da ƙarfe nawa, shi ke maganar kuɗi. Masu sha'awar shiga wannan fanni sukan ɗauka na ciki aikin masu ƙarfin zuciya ne, na waje kuma mafaka ce ga wanda ba ya son ganin jini. Wannan fahimtar ta sa mutane da dama sun faɗa inda bai dace da su ba. Kowanne da irin gajiyarsa. Aikin kujera jiki yake ci: wuya, kafaɗa, ƙugu. Aikin tebur kuwa haƙuri yake ci, domin duk ɓacin ran da mutum ya kasa sauke wa likita, a tebur yake zuwa ya juye shi. Abin da za ka auna shi ne wace gajiyar ce za ka iya kwana da ita, gari ya waye ka dawo da fara'arka.

Aiki dai akwai shi a ɓangarorin biyu. A rahotonta na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki da haƙori. Masu ciwon haƙori ba za su ƙare ba.

A gefen kujera

Mu ɗauki cikon haƙori guda ɗaya, farin ciko a haƙorin turmi na ƙasa, aikin da ake yi kullum. Tun kafin majinyaci ya shigo mataimakiya ta goge kujera da fitila da duk inda hannu ke taɓawa, ta jera faranti: madubi, tsinken bincike, hantsaki, sirinjin allurar kashe zafi, kowanne a jeren da za a buƙace shi. Majinyaci ya kwanta. Idan likita badame ne, yana dama, ita tana hagu, kujerarta ta ɗan fi tasa tsayi don ta riƙa hango cikin bakin ta saman hannunsa. Hannunta na dama riƙe da bututun zuƙe ruwa, na hagu shi ke musayar kaya. Likita ba ya ɗaga ido daga haƙorin. Da ya ɗan janye hannu, sai ta karɓe abin da ya gama da shi da ɗan ƙaramin yatsanta, ta ɗora masa na gaba a tsakanin yatsu, bakinsa na fuskantar inda za a yi aiki da shi. Ana yin musayar ne a saman ƙirji, ƙarƙashin haɓa. Ba a taɓa ƙetare fuskar mutum da ƙarfe mai tsini.

Bayan an kankare ruɓar, sai a shafa wani ruwan asid na kimanin daƙiƙa 15, a wanke, a shafa maɗauri, wato ruwan da ke manne ciko da haƙori, a haska shuɗiyar fitila, sannan a fara zuba cikon kaɗan-kaɗan, kaurin kowane zubi bai wuce milimita biyu ba, ana haska kowanne har ya daskare. A duk tsawon wannan lokaci yawu bai kamata ya taɓa wurin ba, alhali harshe yana ta yawo, kunci yana faɗowa, majinyaci yana son haɗiya. Tsare wurin a bushe aikin mataimakiya ne. Idan ɗigon yawu ya shiga ba a lura ba, cikon zai yi kyau a ranar, bayan wani lokaci ya fara zafi ko ya fita, mai shi ya dawo yana cewa likitan bai iya aiki ba.

Wannan salon aiki na hannu huɗu bai daɗe a duniya ba. A 1957 wani likitan haƙori Ba'amurke, John Borden, ya fito da injin kankare haƙori mai aiki da iska, wanda ke juyawa sau dubu ɗari uku a minti ɗaya. Gudun yana haifar da zafi, dole a riƙa fesa ruwa, ruwan kuma dole wani ya zuƙe shi. A shekarun 1960 aka tsara yadda likita da mataimaki za su zauna su yi aiki tare, musamman ta binciken da aka yi a Jami'ar Alabama. Tun daga nan mataimaki ya tashi daga mai wanke kaya da share ɗaki ya koma hannun likita na uku da na huɗu. Abin da ake yabon ƙwararre da shi a wannan aiki shi ne ya riga likita sanin abin da likitan zai nema. Hakan ba ya samuwa sai ka fahimci aikin kansa, ka san me ya sa wannan mataki ke bin wancan.

Rabin aikin kuma majinyaci ba ya ganinsa, yana can ɗakin tsabtace kaya. A wanke, a busar, a sa a jaka a liƙe, a jera a na'urar tururi da ake kira otokilef. Tururi mai zafin digiri 134 yana gama aikinsa a cikin minti uku zuwa huɗu, a digiri 121 kuwa sai an ba shi aƙalla minti 15, ban da lokacin ɗumama da na bushewa. Akwai alamar da ke sauya launi a jikin jaka, amma ita zafi kawai take shaida. Gwajin gaskiya shi ne a sa ƙwayoyin cuta masu taurin kai a cikin na'urar a ga ko sun mutu, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a yi shi aƙalla sau ɗaya a mako. Na daɗe a kan wannan ne domin a nan amanar aikin take. Idan jadawali ya cushe, likita na jira, kaya ba su gama bushewa ba, babu mai kallonka. Wanda zai iya cewa "a dakata, ba su fito ba tukuna" shi ne ya dace da wannan ɗaki. Mai son yanke hanya ya nemi wata sana'ar, don lafiyar mutane ce a hannunsa.

Lafiyar mataimakin kansa ma tana ciki. Allurar da aka yi wa wani ta soke ka, wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa. Idan mai jinin yana da cutar ƙanjamau, yiwuwar kamuwa ta wannan hanya kusan uku ne cikin dubu, kuma akwai maganin kariya da ake farawa nan take, kada a wuce awa 72. Ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamu nesa ba kusa ba, yana iya kaiwa 30 cikin ɗari ga wanda bai yi rigakafi ba. Shi ya sa rigakafinsa, allura uku a cikin wata shida, ya zama abu na farko kafin ka sa hannu a bakin kowa. Asibitin da ya ɗauke ka aikin kujera bai tambaye ka wannan ba, ka sa masa ayar tambaya.

Sai ɗaukar hoton eksire, wanda a wurare da yawa mataimaki ke yi. Tarihinsa ya isa ya koya wa mutum taka-tsantsan. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Röntgen, ya gano wannan haske a 1895. Da farkon 1896 wani likita a Jamus, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, ya kwanta minti 25 a ƙarƙashin hasken. A birnin New Orleans na Amurka kuma akwai likitan haƙori Edmund Kells, wanda ya fara ɗaukar hoton haƙoran majinyata a wannan shekarar, yana sa hannunsa a gaban hasken shekara da shekaru, har daga baya aka yanke masa yatsu, aka bi da hannun ɗungurungum. Shi ne kuma ake dangantawa da soma sana'ar mataimakin likitan haƙori, domin tun wajajen 1885 ya shigo da mace ta riƙa taya shi aiki, abin da ya sa mata suka sami natsuwar zuwa ganin likita su kaɗai. Na'urorin yau ɗan haske kaɗan suke saki cikin ƙiftawar ido, ƙa'idar kuma mai sauƙi ce: ka tsaya bayan bango ko nesa da kusan mita biyu, kada ka tsaya a saitin hasken, kada kuma ka riƙe wa majinyaci fim da hannunka. Mai bin wannan ba shi da abin tsoro.

Abin da ya fi korar mutane daga kujera a hankali shi ne ciwon jiki. Kana zaune a karkace, hannu a ɗage, wuya a sunkuye, ba ka motsi don kada ka tare wa likita haske. Yau da gobe sai kafaɗa ta fara magana. Ana rage shi da gyara zama da miƙe jiki tsakanin majinyata, amma wanda ya riga yana da ciwon baya ko na wuyan hannu ya yi tunani sosai. Ga ƙarar inji, ga warin baki mai ruɓa da ba kowa ke jurewa ba, ga kuma tashi a makare, don ba a barin haƙori a buɗe saboda lokacin tashi ya yi.

To ina daɗin? Yana nan, kuma mai yawa ne. Kana ganin sakamakon aikinka a ranar. Yarinya ta shigo tana rufe baki da hannu saboda haƙorinta na gaba ya karye, bayan awa ɗaya a miƙa mata madubi ta kasa daina kallo. Babban mutum ya shigo jiki na rawa, ya damƙe hannun kujera, ke ce za ki ce masa, "Yallaɓai, in ka ji zafi ɗaga hannun hagu, za mu tsaya," ki dafa kafaɗarsa lokacin allura. Mutane da yawa sun fi sakin jiki da mataimakiya fiye da likita. Da likita ya fita sai su juyo su ce, "Don Allah me ya ce ne?" Idan irin wannan kusanci da mutum a lokacin da yake cikin tsoro yana faranta maka rai, kujera ta riga ta kira ka.

A teburin gaba

Mai tebur ba ya taɓa jini, amma shi ke riƙe da lokacin kowa. Jadawalin asibitin haƙori ba cike gurbi ba ne kurum. Duba haƙori na iya ɗaukar minti 15, aikin jijiyar haƙori ya haura awa, gyara haƙoran roba 'yan mintuna. Sai ka san wane aiki likita ke son yi da safe yana da kuzari, wanne za a iya saƙalawa yayin da allura ke kama wani, wane majinyaci ne kullum yake makara, wane ne ba a haɗa shi da ɗakin jira mai hayaniya. Idan mutum ya ƙi zuwa bai sanar ba, kujera ta zauna haka nan, albashin ma'aikata da kuɗin wuta kuwa suna tafiya. Gwanin tebur yana da jerin waɗanda ke son a matso musu da lokaci, kafin minti goma ya cike gurbin.

Ga yadda safiya ɗaya take zuwa. Mutum uku na zaune suna jira, likita ya makara da rabin awa saboda saiwar haƙori ta karye masa wurin cirewa. Ɗaya daga cikin masu jiran ya taso karo na biyu yana duba agogo. Wata mata na tsaye da takardar biyan kuɗi tana cewa ba haka aka gaya mata ba. Sai waya ta yi ƙara: uwa ce, muryarta na rawa, ɗanta ya faɗi a makaranta haƙorinsa na gaba ya fita gaba ɗaya. A nan ake gane wanda ya san aikin. Zai tambayi shekarun yaron, don haƙorin yarinta ba a mayar da shi, na girma kuwa ana mayarwa. Zai ce mata ta riƙe haƙorin ta wajen kansa, kada ta taɓa saiwar, kada ta goge shi, ta sa shi cikin madara ta taho yanzu-yanzu, domin bayan awa ɗaya a bushe da wuya ya sake kamawa. Sannan ya leƙa ya sanar da likita, ya dawo ya ba masu jira haƙuri da gaskiyar abin da ke faruwa, ya zauna da matar su bi takardar layi-layi. Duk wannan ba tare da muryarsa ta tashi ba.

Mai tebur ba likita ba ne, ba ya faɗin cuta kuma ba ya ba da magani ta waya. Amma dole ya san maganar da ba a ce mata "sai jibi". Kumburin da ya kai ido ko ya gangaro wuya, tare da zazzaɓi ko wahalar haɗiya ko numfashi, na gaggawa ne, babban asibiti ya kamata a nufa. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori ma haka. Wanda aka cire wa haƙori ya kira bayan kwana biyu ko uku yana cewa zafin ya dawo ya fi na da, sau da yawa gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita, likita yana bukatar ganinsa a ranar.

Maganar kuɗi ita ce ƙashin bayan wahalar tebur. Aikin haƙori yana da tsada kusan ko'ina, inshorar lafiya kuma sau da yawa ba ta ɗaukar duka, ko tana da iyakar abin da take biya a shekara. Kai za ka dubi idon mutumin da ke cikin ciwo ka gaya masa abin da zai biya. Kai za ka kira wanda ake bi bashi. Inda ake aiki da inshora, kowane aiki yana da lambarsa, a Amurka ƙungiyar likitocin haƙori ce ke fitar da kundin lambobin, kuma kuskuren lamba ɗaya ya isa a dawo da takarda a ƙi biya. Akwai masu jin nauyin maganar kuɗi har su yi ta kewaye-kewaye, majinyaci ya fita bai gane ba, rigima ta tashi daga baya. Wanda zai iya faɗin adadi a sarari, cikin ladabi, kafin a fara aiki, ya yi wa kowa alheri. Akwai kuma jarabawar da ba a cika faɗa ba: wasu asibitocin suna matsa wa mai tebur ya tallata ayyukan da ba dole ba. Ya kamata ka san iyakarka tun kafin a kai ka nan.

Sirri ma a hannunka yake. Kana ganin cutar kowa, maganin da yake sha, bashin da ake binsa. Amurka tana da dokar kare bayanan majinyata tun 1996, Tarayyar Turai ta fara aiki da tata dokar kare bayanai a 2018, ƙasashe da yawa suna da irinsu. Ko babu doka, mai sakin baki bai dace da wannan tebur ba.

Daɗinsa na wani irin mutum ne: wanda ke jin sanyi a ransa idan rana ta tafi daidai yadda ya tsara, wanda ke riƙe sunaye da fuskoki, wanda iyali guda za su yi shekaru suna zuwa yana tambayar yara makaranta. Jiki ba ya shan wahala sosai in ban da zama da kallon kwamfuta, ana iya yinsa har tsufa, kuma abin da ka koya, wato manhajojin ajiye bayanai irin su Dentrix ko Open Dental, lissafi, inshora, hulɗa da jama'a, yana bin ka zuwa kowane irin asibiti ko ofis.

Karatu, albashi da abin da ke gaba

Ƙofar tebur ta fi faɗi. Galibi ba a neman lasisi: takardar sakandare, iya kwamfuta, iya magana da rubutu, sauran a koya a bakin aiki. Wannan sauƙin yana da nasa illar, don masu nema suna da yawa kuma maye gurbinka ba wuya har sai ka ƙware.

Kujera kuwa ta danganta da dokar ƙasa. A Birtaniya tun 2008 ba ka aikin nas ɗin haƙori, wato mataimakin likita, sai ka yi rajista da hukumar kula da likitocin haƙori ta ƙasar, ko kana cikin horon da ta amince da shi. A Amurka kowace jiha da tata ƙa'idar: wasu suna barin a koya a bakin aiki, wasu suna neman shaida kafin ka ɗauki hoton eksire. Kwas ɗin makaranta a can yakan ɗauki wata tara zuwa shekara guda, jarabawar ƙasa kuma kashi uku ce: aikin gefen kujera, kariya daga hasken eksire, da hana yaɗuwar cuta. Wanda bai je makaranta ba yana iya zama jarabawar bayan awa 3,500 na aiki. Duk inda kake, kafin ka biya wa kowace makaranta ko sisi, je ka tambayi hukumar da ke ba da lasisi ko ta san da takardarta. Makarantun da ke sayar da takardar da ba ta da amfani suna nan da yawa, kuma masu ƙaramin ƙarfi suka fi faɗa musu.

Albashin farawa a ayyukan biyu yakan yi kusa da juna, kuma kada a ruɗe ka, ba mai yawa ba ne. Bambancin yana fitowa ne daga baya. Mai tebur da ya iya inshora da lissafi yana iya zama manajan asibiti, ya riƙe ɗaukar ma'aikata da sayen kaya da albashi, wannan kuwa matsayi ne mai tsoka. Mataimaki yana ƙaruwa ta hanyar ƙarin takardu, inda doka ta yarda ya yi wasu ayyuka da hannunsa, ko ta komawa wani reshe. Rassan kuma sun sha bamban. Wurin masu daidaita haƙora da waya jini kaɗan ne, yara da matasa suka fi yawa, mataimaki yana yin abubuwa da dama da kansa. Wurin masu tiyatar baki akwai jini da ɗinki da sa ido kan wanda aka sa barci. Wurin masu aikin jijiya shiru ne da daɗewa a kan haƙori ɗaya. Wurin yara kuwa rabin aikin lallashi ne. Wanda bai ji daɗin reshe ɗaya ba kada ya yanke wa sana'ar duka hukunci.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai shi ne aikin ƙwararren mai wanke haƙori da kula da dasashi. Sana'a ce mai zaman kanta, wadda wani likitan haƙori, Alfred Fones, ya buɗe wa makarantar farko a Bridgeport ta Amurka a 1913. Mai ita yana ganin majinyatansa da kansa, a Amurka kuma albashinsa ya kusa ninka na mataimaki. Amma shekarun da ka yi a gefen kujera ba sa mayar da kai shi. Sai ka koma makaranta shekara biyu ko uku ka sami lasisi. Idan can kake hange, kujera matakala ce mai kyau, tebur kuwa ba zai kusantar da kai sosai ba.

Inda za ka yi aikin

A ƙaramin asibiti mai likita ɗaya, rabon nan biyu sau da yawa a takarda yake. Za ka cire safar hannu ka amsa waya, ka karɓi kuɗi ka koma ka wanke kaya. Ana koyon abubuwa da yawa da sauri, amma ranar da ka yi rashin lafiya babu mai riƙe maka. Babban asibiti yana da tsari da hutu da hanyar ƙarin girma, sai dai gudu ya fi yawa kuma ana ƙirga komai.

Halin likitan da za ka yi wa aiki ya fi duk wannan nauyi, musamman ga mai kujera. Gwiwarka kusa da tasa take wuni. Idan mai tsawa ne a gaban majinyaci, ko mai jifa da kaya in ransa ya ɓaci, babu albashin da zai biya ka. Mai tebur aƙalla akwai bango tsakaninsu. Saboda haka ranar ganawar neman aiki kai ma ka yi naka binciken. Ka tambayi tsawon zaman wanda ka zo maye gurbinsa da dalilin tafiyarsa. Ka nemi a nuna maka ɗakin tsabtace kaya da littafin gwajin na'urar tururi. Ka tambayi abin da ake yi idan allura ta soki ma'aikaci, ka ga ko amsar a shirye take. Ka saurari yadda likita ke kiran mataimakansa. Ka tambaya ko ana biyan lokacin da aka ƙara bayan tashi.

Shawarata

Idan hannunka na da natsuwa, jikinka lafiya lau, kana son aikin da ake gani da ido, kuma ba ka damu da bin umarnin wani minti bayan minti ba, ɗauki kujera. Idan bakinka ya fi hannunka gwaninta, kana iya riƙe abu biyar a kai lokaci guda, kuma fushin baƙo ba ya bin ka gida, ɗauki tebur. Mai tsananin ƙyanƙyami ko ciwon baya kada ya tilasta wa kansa kujera. Mai saurin hawa ko mai jin kunyar maganar kuɗi kada ya ɗauka tebur zai yi masa sauƙi.

Wanda kuma ya tsaya a tsakiya, ni dai zan ce ya fara da kujera. Dalilina shi ne hanya daga kujera zuwa tebur a buɗe take, daga tebur zuwa kujera kuwa sau da yawa sai an koma karatu. Wanda ya taɓa zama a ciki ya san tsawon kowane aiki, don haka jadawalinsa ba ya cushewa. Yana iya yi wa majinyaci bayanin dalilin da ya sa hular haƙori, wato murfin da ake sa wa haƙorin da ya lalace, ke bukatar zuwa biyu. Yana kuma kama kuskuren da wani ba zai gani ba. Misali, manya suna da haƙora 32, amma hanyar ba su lamba ba ɗaya ba ce. A tsarin da yawancin duniya ke bi, lamba 18 tana nufin turmin ƙarshe na sama a dama. A tsarin Amurka, 18 turmi na biyu ne na ƙasa a hagu. Takardar tura majinyaci ta zo daga wani wuri an rubuta a cire 18, mai teburin da ya san baki zai tsaya ya tabbatar da wane tsari aka yi amfani kafin ya shigar. Manajojin asibiti da dama daga gefen kujera suka taso, kuma idan jiki ya gaji bayan shekaru, tebur yana nan yana jira.

Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, nemi wani asibiti ya bar ka ka wuni kana kallo, da izinin majinyata. Ka roƙi ka ga cire haƙori, sannan ka zauna kusa da tebur a safiyar ranar farko ta mako, lokacin da duk waɗanda ciwo ya hana barci a ƙarshen mako ke kira. Idan jiri ya ɗebe ka a karon farko da ka ga jini, zauna ka sunkuyar da kai, wannan yana samun mutane da yawa kuma yakan wuce. Ka koma karo na biyu kafin ka yanke shawara.